Surukina da Ya Sa Waya Karatu

Kin san wanda ya sa wayar nan take karanta min saƙo? Surukina ne, mijin autata, Allah ya jiƙansa. A wani ɗan ɗaki bayan shagon tela ya haɗa abin, da muryarsa. In wayar ta yi magana har mayafi nake ja, don kunyar suruki. Kwatsam masu kamfanin waya suka cire abin daga kasuwarsu ta manhajoji, ya daina aiki, na koma bin maƙwabta suna karanta min sirrina. Yana jinya ya sake haɗa shi a intanet, inda kowace waya ke buɗewa. Da na je dubiya ya ce, "Inna, wancan a gidan haya na gina miki. Wannan ba mai fitar da ke."