Mala'ikan da Aka Saukar Ƙasan Shafi

A Kagoma, da yamma ta yi, Kaka takan tura doya cikin toka mu kewaye wuta. Ba ta iya karatu ba, amma labaran Littafi Mai Tsarki suna kanta tsaf, tana ba da su da Hausa, in abin ya yi zafi ta koma yarenmu. Ni ne marar zama. Takan ce maigidan nan nata kamar an sa masa barkono a wando.

Wanda na fi so shi ne na tafkin da marasa lafiya ke kwance a bakinsa. Mala'ika yakan sauko ya dama ruwan, wanda ya riga shiga ya warke. Kaka takan dama iska da muciya har mu ja baya. Wani gurgu kuwa kullum ana rigansa, sai da Yesu ya zo ya ce ya tashi.

Da na shiga makarantar horon fastoci kusa da Kafanchan, malaminmu ya nuna mana cewa ayar mala'ikan ba ta cikin kwafin hannu mafi tsufa. Wataƙila wani mai kwafa ya rubuta bayani a gefe, na bayansa ya shigar da shi ciki. Shi ya sa a sabuwar fassara aka saukar da ita ƙasan shafi. Hankalina ya tashi. In Allah ne ya hure Maganarsa, yaya hannun mutum ya shiga? Na fara tunanin barin makarantar.

Na hau babur na je na zazzage wa Kaka. Ta ɓata rai sosai.

"To gurgun fa? Shi ma sun cire shi?"

Na ce a'a, a kowane kwafi ya tashi.

"To koma makaranta. Amma ni da mala'ikana zan mutu, kar ka taɓa mini shi."

Haka kuwa aka yi. Yau ni fasto ne a Godogodo, kuma na yarda cewa ta yawan kwafin nan Allah ya kiyaye Maganarsa, da su ake gane ƙari. Amma zuciyata ba ta kwanta duka ba. Duk ran da nake karanta wurin a coci, tsofaffin mata sukan ɗaga kai suna jiran mala'ika ya sauko, ni kuwa in wuce, ban iya kallonsu ba.