Tsinke a Ludayin Iya

Ranar wata Laraba da hantsi, lokacin girbin gero, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu na wajen Tirmini, Inna ta haifi Habsu. Ina tsakar gida ina korar kaji daga shanyar zangarniya, sai Iya, mahaifiyar Baba, ta ƙwala mini kira, wai in samo mata tururuwa.

Na san abin da za a yi. A gidanmu ba a sa jariri a nono sai an gwada dakashi, nonon nan na farko mai kauri, rawaya-rawaya. Akan tatsa a ludayi a jefa tururuwa. In ta fito, nono lafiyayye ne. In ta maƙale, mugu ne, sai a tatse a zubar bayan ɗaki, a yi kwana uku ana ɗura wa jariri ruwan rijiya da nonon akuya. To, don Allah, wace tururuwa ce za ta fita daga abu mai danƙo kamar ƙaro? Haka aka yi wa ƙannena biyu, zawo ya tafi da su ko arba'in ba su yi ba.

Ni kuwa da ma kaina da tauri, ga shi malamarmu ta sha faɗa mana cewa "dakashi shi ne rigakafin farko, shi ke tsare cikin jariri daga cuta." Na zaɓo ƙatuwar tururuwa a gindin rumbu, na karyo ɗan tsinken gero na ɓoye a tafin hannu. Iya ta jefa tururuwar cikin dakashin. Tana juyawa ta amsa barkar maƙwabta, na jingina tsinken cikin ludayin. Tururuwa ta hau abinta ta fice, na zare tsinken na take da ƙafa. Iya ta daɗe tana duban ludayin, sannan ta ce, "A ba ta ta sha."

Yau Habsu 'ya'yanta huɗu a Zinder, kowanne tun kafin a yi masa wanka ungozomar likita ta ɗora shi a ƙirjin uwarsa, ba mai neman tururuwa. Sai dai ina kewar tsakar gidan nan, da tsohuwar da na yi shekara ashirin ina alfaharin na yi wa wayo. A ciwonta na ajali ta riƙe hannuna ta ce, "Ja'ira, na ga tsinken. Na gaji ne da wanke gawar jikokina."

Ashe mu biyu muka fid da tururuwar nan.