Garin Kuka a Filin Jirgi

Shekarar da jami'a ta tura autata Turkiyya karatun zango ɗaya, mu a Roni ba mu san tafiya ba guzuri ba. Mahaifiyarta ta ƙulla garin kuka a leda, ta cusa cikin akwati.

Washegari ina ƙofar gida sai ga kiran bidiyo. Yarinyar ce, idanu jawur, wani jami'in filin jirgi riƙe da ledar.

"Baba, sun ce kayan maye ne. In ban gamsar da su ba, gida za su dawo da ni."

Ni da firamare ma ta gagare ni, da wane Turancin zan yi bayani? Na ruga madafa, na ɗebo ragowar kukar, na nuna masa, na watsa a baki. Ta shaƙe ni, na yi ta tari har hulata ta faɗi.

Jami'in ko murmushi bai yi ba. Ya daɗe yana kallona, yana jira in fara sambatu. Da ya ga tarin kawai nake, ya miƙa mata ledarta.

"Baba, sha ruwa," ta ce.