Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Akwai wata Talata da ba zan manta da ita ba har ranar da zan koma ga Ubangijina. Yaron da aka ciro daga cikina ran nan ga shi can yana korar kaji a tsakar gida, amma har yau in na ji rugugin tifa a hanya, sai in tarar hannuna ya kai kan marata, inda tabon ɗinki yake.

Ni ce 'yar fari a gidanmu a Morai, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in kuwa da wasu take magana sai ta ce "waccan". Gwaggo, yayar Baba, ita ta raine ni, ita ce kuma ungozomar unguwarmu. In na dawo hutu daga makarantar kwana, Inna ko kai ba ta ɗagawa, sai dai ranar komawa in tarar da soyayyar gyaɗa a ƙasan akwatina.

Aure ya kai ni Talata Mafara a shekarun da aikin dam ya cika ƙasar da baƙi da manyan motoci. Maigidana yana cikin masu zuba siminti a hanyoyin ruwa ta wajen Bakura. Da na samu ciki ina zuwa awo, wata rana malamar asibiti ta dube ni sama da ƙasa ta ce ƙuguna ƙarami ne, ɗan kuma da girma, da zarar na ji naƙuda in taho, kada in tsaya gwadawa a gida. Amma haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta, don haka da ciki ya tsufa aka mayar da ni Morai.

Maganar ciki ba ta yiwuwa tsakanina da Inna, sai na faɗa wa Gwaggo. Dariya ta yi har da tafa hannu.

"Ke dai boko ya cika ki da tsoro," in ji ta. "Mu da munka cika gidan ga da ɗiya, wa ya auna muna ƙugu?"

Naƙuda ta kama ni ran Litinin da hantsi ina tsintar shinkafa. Na yi abin da aka koya wa kowace mai haihuwar fari, na cije bakin zane na yi shiru. Gwaggo ta gane, ta ja ni ɗakinta tana yabona, wai na yi halin manya, ko maƙwabta ba su ji bakina ba. Na sha rubutu, na sha jiƙo, na durƙusa har gwiwoyina suka saluɓe. Inna ba ta leƙo ba, don ba a leƙowa. Sai dai ta bango ina jin ƙarar taɓaryarta, tana daka, tana daka, kamar za a ciyar da gari.

Har rana ta ɗaga ran Talata babu labari. Maza duk sun tafi cin kasuwa Mafara, har da Baba. Ni kuwa durƙuson ma ya gagare ni, kuma abin da ya fi razana ni, motsin da na saba ji a cikina ya fara yin sanyi. Gwaggo ta duba ni, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Gishiri ne ya tare hanya. A miƙo mani reza." Na san abin da ake nufi, za ta yanka ni ne don ta buɗe wa ɗan hanya. Na kuma san wata ƙawata da aka yi wa haka, wadda tun daga ranar fitsari bai ƙara tsaya mata ba. Na so in ce a'a, bakina ya ƙi buɗuwa.

A nan ƙarar taɓarya ta tsaya cak.

Aka yaye asabari da ƙarfi, sai ga Inna. Ta durƙusa, ta tallabi fuskata da hannayenta masu garin gero, ta kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, har ta maimaita. Wallahi duk da azabar da nake ciki sai da na buɗe ido don in tabbatar ita ce.

"La'ilaha illallahu!" in ji Gwaggo. "Yau kunya ta ƙare cikin gidan ga? Ɗiyar fari fa!"

"Yaya, aje rezar nan," in ji Inna. "Ran da ta gaya maki maganar malamar asibiti, ina bayan zana, na ji komi. In ta mutu cikin ɗakin ga, kunyar wa za ni ji?"

Matar da ba ta taɓa taka ƙofar gida da rana ba sai da izini, ta fita ko mayafi babu. Daga baya aka ba ni labari cewa tsakiyar jar hanyar da motocin dam ke bi ta je ta tsaya, ta buɗe hannuwa. Wani direban tifa ya taka birki da ƙyar, ya leƙo yana faɗa, "Haba Inna, kin gaji da duniya ne?" Ta ce, "Ɗana, ɗiyata ce za ta bar ta." Bai ƙara tambaya ba. Da lodin ƙasarsa a baya ya juya, aka kwantar da ni a gaba, kaina bisa cinyar Inna. Kowane rami muka faɗa sai in ji kamar raina zai fita, ita kuwa sai kiran sunana take yi, tana cewa kada in kuskura in yi barci.

A asibiti likita ya duba ni ya ce kan ɗan ba zai wuce ba, kuma ya gaji, sai an yi aiki yanzu-yanzu. A lokacin, in aka ce an shiga da mace tiyata, a wurinmu kamar an ce a fara haƙa kabari ne. Direban, Allah ya saka masa da alheri, shi ya je ya ɗauko maigidana daga wurin aiki. Ya shigo da siminti har gwiwa, da ya ji maganar wuƙa sai ya daskare, yana tambaya ko ba za a ƙara jira kaɗan ba. Inna, wadda in ta ji sallamarsa ɗaki take shigewa don kunyar suruki, ta tsaya a gabansa ta dube shi ido da ido.

"Munka jira tun jiya," ta ce. "Ka ce a yi."

Ya ce a yi.

Abin da na iya tunawa shi ne wata babbar fitila a samana, da sanyin ɗakin, da kalmar shahada da nake ta yi har bakina ya yi nauyi. Da na farka, rana ta yi sanyi, ana yi mini ƙarin ruwa. Na lalubi cikina na ji ba kowa. Sai na ji wani ɗan siririn kuka a gefena. Inna ce zaune a ƙasa, ta lulluɓe shi da ɗankwalinta.

"Namiji ne," ta ce. "Ga kai kamar na kakanshi, ta ina za shi bi?"

Na fashe da dariya, ɗinki ya ja ni, dariyar ta koma kuka. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan lokacin ba, kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Washegari Gwaggo ta iso da ƙullin kanwa da shirin wankan jego, malamar asibiti ta ce ruwan zafi ba zai taɓa ni ba sai ciwon ya warke. Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "Haihuwar 'yan boko ke nan, a yi barci a farka a iske ɗa." Amma da ta karɓi yaron ta ga yadda kansa ya matsu, sai ga hawaye na bin kumatunta. Ban ƙara jin ta nemi reza a kan kowa ba.

Da muka koma gida Inna ta koma "ke" ɗinta kamar ba abin da ya faru. Ran suna na same ta ita kaɗai a madafa, na ce, "Inna, mi ne ma sunana?" Ta ɗaga muciya ta ce, "Tashi ki ba ni wuri, marar kunya." Amma na ga bakinta yana murmushi.

Ban raina kunya ba, da ita aka raine ni kuma ina ganin kyanta. Abin da wannan Talata ta koya mini shi ne, in rai ya zo gargara, shiru ba tarbiyya ba ne. Duk mai cikin fari da ta zo gaishe ni, ina gaya mata ta faɗi ciwonta da wuri, kuma aiki ba mutuwa ba ne, ga ni ga ɗana. Shi kuwa ɗan farin nawa, kullum da sunansa nake kiransa, har maƙwabta suna ji.