Yarinyar da na ɗauka a bakin gulbi

Ran Laraba ne. Na yi asuba, na sha kunu, na ɗauki gwangwanina na nufi fadama. Shinkafa ta fid da kai, tsuntsu jan baki ya sauka, kowa na gonarsa yana kaɗa gwangwani yana ihu. Masu bindigar gargajiya kan harba sama su tada tsuntsu. Haka muke kowace shekara a ƙauyenmu, can gefen Augie.

Ɗiyata Hajaru tana aji uku. Malamarsu, Malama Luba, ita ka koya musu zane da gini. Makarantar ba fenti, ba takarda, to sai ta riƙa kai su bakin gulbi su haƙo yumɓu, yara biyu a kwano guda. Su gina shanu, jirage, tukwane. Mata su aiko da shuni da jar ƙasa. In an shanya, sai a bar yaro guda gadi, bi da bi, don awaki na tattakewa. Ni a aji huɗu na tsaya, ban ga abin da laka za ta ba mutum ba. Hajaru ko ba ta da zance sai shi.

Da hantsi munka ji harbi ta wajen gari. Ba wanda ya ɗaga kai. Maƙwabcin gonata har dariya ya yi, wai wanga ya samu albarushi. Anka ƙara. Anka ƙara a jere, ba hutu. Bindigar korar tsuntsu ba ta haka. Sai rurin babura, sai hayaƙi daga rumbuna.

"Gulbi! Kowa gulbi!"

Na yar da gwangwani na ruga. A gaɓa na iske 'yan aji uku, laka har gira, hijabi iri ɗaya. Malama Luba tana cikin ruwa zuwa ƙugu.

"Biyu-biyu! Kowa ya riƙe ɗan kwanonsa!"

Kuma sun riƙe. Manya na ture juna, yaran nan ba wanda ya saki hannun wani. Na hangi ƙarama ta durƙushe a bakin ramin yumɓu, tsawon Hajaru, bayan Hajaru. Na sungume ta na faɗa jirgin masunta. Ban duba fuska ba. Wa ke duba fuska? Na danne kanta a ƙirjina, harsashi na tsaga ruwa gefenmu.

Sai a tsallake na ɗebi ruwa na wanke ta. Nana ce, ɗiyar Maidamma mai kanti. Ta ce, "Baba, yau Hajaru ke gadi."

Na koma ruwa. Mutum uku sunka riƙe ni. Mai jirgi ya ce ba ya komawa, ko ni na haife shi.

Munka bi ta cikin shinkafa da ƙafa. Azahar ta iske mu a hanya, ba wanda ya tsaya. La'asar motar albasa ta kwashi mata da yara. Da magariba na shiga Argungu, na iske uwar Hajaru a wata firamare da anka sauke mu. Ta dubi hannuna, ta dubi Nana.

Washegari Malama Luba ta sa anka ɗebo mata laka. Ta tara yaran gindin darbejiya. Na zage ta. Na ce mutane na kwance ba sutura, ke kina wasa. Yaran da sunka kwana ba magana sunka fara gini. Sun gina masallacinmu, rijiya, kantin Maidamma, kowa da gidansu. Tsofaffi sunka matso suna gyara musu, wai ƙofar liman gabas take kallo. Nana ta gina makaranta, ta bar ta ba kowa ciki. Rannan ta fara cin abinci.

Wasu sun zo daga Birnin Kebbi da mota mai sanyi, sun ɗauki hoton ginin, sun ce abin sha'awa. Ba wanda ya tambayi sunan ƙauyen. Ba zan hana malama haƙƙinta ba, ajinta ya tsallake gulbi. Amma kada ɗan birni mai takalmi ya ce mini sha'awa.

Ran Asabar sojoji sunka raka mu binne mutane. Na biya kasuwa, mai yadi ya yanko mini likkafani yadda ya saba yankawa, ni ko ban gaya masa na yarinya ne ba.

Mun samu Maidamma a ƙofar kantinsa. Mun samu liman. Hajaru tana bayan aji, inda ake shanya, da sandar korar awaki kusa da ita.

Yadin ya yi mata yawa. Da ragowar munka suturta jaririn maƙwabta.