Littafin Dabbobin da Aka Sayo wa 'Yata

Shekarar da 'yata ta shiga aji ɗaya a Gadarif, ta gama littafin karatun ajinsu tun kafin in gama yi masa bango da takardar siminti. Daga nan ta koma karanta duk abin da ke da rubutu a gidan: buhun dawa, gwangwanin maganin ƙwari, har guntun jaridar da ake ƙunso mana ƙosai a ciki. Ranar da ta ɗago kai daga wata takarda mai maiƙo ta tambayi kakarta, a gaban baƙi, me ake nufi da "an tsinci gawarsa", na yafa mayafi na tafi wajen malamarsu.

Malamar ta ce, "Ba abin tsoro ba ne. Ku samo mata littafin labarin dabbobi, amma mai kauri, kada ta cinye shi a zama ɗaya."

Mijina direban tarakta ne a manyan gonakin dawa da riɗi. Da kunne yake gane ciwon inji, amma rubutun Larabci sai ya bi shi da yatsa. Shi ya tafi kasuwa, ya sami wani dattijo mai sayar da littattafai da carbi da turare a kan tabarma, ya ce masa yana son mai dabbobi, mai kauri. Dattijon ya buɗe wani ƙato ya karanto masa: zaki, maciji, raƙumi, zakara, kunama, kifi.

Mijina ya ce, "Duk suna ciki?"

"Har jemage."

Ya sayo. Muka yi 'yan kwanaki gida shiru, yarinya na kwance a ƙarƙashin darbejiya da littafi a ƙirji, ni kuwa ina ta godiya ga Allah.

Wata safiya muna shan shayi, surukata, tsohuwar da mijinta ya rasu tun kafin a kawo ni gidan, ta ce ta yi mafarki zakara ya hau kanta ya yi cara. Yarinya ba ta ko ɗago ba ta ce wa kakar tata, "Habboba, fari ne ko ja?"

"Ja."

"To ladan za ki aura."

Tsohuwa ta ƙware da shayi, ta bi yarinyar da mafici. Na karɓi littafin na kai wa maƙwabcinmu mai karatu, ya duba ya ce ai na fassarar mafarki ne. Kafin in dawo gida, surukata ta jiƙa lalle. Ladanin unguwarmu, bawan Allah, bai san hawa ba bai san sauka ba, sai gani ya yi ana aiko masa da kwanon abinci kullum. Daga baya ya canja hanyar zuwa masallaci.

Surukar tawa ce kuma ta baza labari. Kafin mako ya zagayo, mata na zaune a zaurenmu tun da sassafe, kowacce da mafarkinta. Wata maƙwabciyata da ba ta mafarki ta fara cika ciki da wake kafin ta kwanta. Da abin ya ƙi, ta aro na mijinta. Motar ma'aikata masu tafiya gonakin Fashaga ma takan tsaya a ƙofarmu, direba na danna ƙaho, 'yata na goge majina da bayan hannu tana sallamar mutane.

Wani mutumin Hawata, babba da furfura, ya durƙusa ya ce tarakta ce ta bi shi a guje cikin mafarki. Yarinya ta juya shafuka ta ce, "Baba, babu tarakta a ciki. Raƙumi ne ya fi kusa. Za ka yi tafiya."

Ya ce, "Ai 'yata, tafiyar nake yi yanzu haka."

Ta ce, "To ka gani."

Ya tashi yana kabbara.

Na ƙwace littafin na cusa shi cikin buhun dawa. A banza, ta riga ta haddace. Na tura mijina ya mayar, dattijon mai littattafai ya ce masa, "Akwai dabbobi ko babu?" Ya dawo da shi a hammata. Da na hau faɗa ya ce, "Ke, ki yi haƙuri, kira min ita tukuna. Jiya na ga kada a cikin tankin mai."

Malamar ta zo da kanta, domin yarinya ta fara makara. Ta yi mana wa'azi sosai a tsakar gida, mutanen zaure na saurare, sannan ta ja yarinyar gefe suka yi ƙus-ƙus. Kalmar "kifi" kawai na ji. Amma washegari ta aiko da littafin labarin ƙasa na 'yan aji biyar, ta ce ta karanta shi da kanta, ba gawa, ba aure.

Shi ya cece mu, ta hanyar da ba mu zata ba. Yarinya ta haukace a kan koguna. Duk wanda ya zo da mafarkin ruwa sai ta ce, "Wane kogi? Rahad ko Atbara?" In ya ce bai sani ba, ta tsuguna ta zana masa a ƙasa da tsinke, daga inda ya taso har inda ya zuba. Wanda ya zo da mafarkin akuya ma kogi yake samu. Mutane suka fara raguwa, zaure ya koma na kaji.

Ni kaɗai ce ba ni da wurin gudu. Duk damanar nan ina gaban murhu ina yaɓa kisra, gurasarmu ta dawa, hayaƙi na cin idona, ita kuma tana bayana tana yi min jarrabawar koguna. In na faɗi sai ta ce in sake daga farko.