Hancin Gwaggo Indo

Ku da kuka san Gwaggo Indo, yayar babana, kun san ba ta taɓa sayen abin ci da ido. Sai ta ɗauka, ta rufe idanu, ta kai hanci, ta ja numfashi har wuyanta ya kumbura. Ko gauta ce sai ta shinshina. Ni ke riƙe mata kwando ranar kasuwar Kurfi in an tashi makaranta, ina bayanta kaina a sunkuye, don kunyar da take ba ni ta fi kwandon nauyi.

Kun tuna Talle mahauci? Wata rana ya ɗaga cinya yana rantsuwa.

"Gwaggo, rago ne, yanzu na kwantar da shi!"

Ta shinshina, ta ajiye, ta goge yatsu da gefen zane.

"Talle, ragon nan naka da gemu ya zo duniya. Bunsuru ne. Kuma da safe ka yanka, ban musa ba, amma safiyar jiya."

Kai! Sauran mahauta suka fashe da dariya har da buga tebur. Wata guda ana kiransa Talle mai ragon gemu.

Haka ta yi wa Larai mai daddawa. Ta ce kalwar ba ta cika kwanakinta a rufe ba, kwana biyu kawai aka ba ta. Larai ta riƙe baki ta ce, "Oh ni! Gwaggo, ko a ƙarƙashin gadona kike kwana?" Gwaggo ta ce, "Da a can nake kwana, da na ce ki share shi."

Saboda haka mata suka riƙa bin ta a baya. Abin da Gwaggo ta saya, shi za su saya. Abin da ta ajiye kuwa, mai shi sai ya koma da shi gida. Ba ta da ɗa, ba ta da gona, wannan hanci shi ne sarautarta.

To, da damina ta yi wata doguwar mura. Ta warke, amma na lura da wani abu. Ran nan tuwo ya kama a tukunya, ƙauri ya cika gida, tana zaune dab da murhu tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Na je na sauke tukunyar.

Ba a jima ba matar yayana ta haihu, aka ce Gwaggo ce za ta yi cefanen suna a Dutsin-Ma. Muka hau babbar mota tare da matan unguwarmu uku, kowacce da ƙwaryarta, suna jiran su ga inda za ta tsaya. A layin masu nono ta ɗauki curin man shanu, ta rufe ido, ta ja numfashi kamar kullum.

"Madalla," in ji ta. "A zuba mini goma."

Ni kuwa daga inda nake ina jin warinsa, man ya tsufa. In aka zuba shi a tuwon suna, kowa zai gane, kuma har Rawayau sai an ji labari. Ni da ko a aji malam ya kira sunana sai muryata ta maƙale! Sai kawai na taka mata ƙafa.

Ta juyo ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta tura mini man a hanci.

"Zo nan, 'yar boko. Mu ga ko makarantar taku tana koyar da abin kirki."

Na girgiza kai.

"Yauwa!" ta faɗa da ƙarfi don matan su ji. "Gwada ta nake yi! Ke kuma baiwar Allah mai man shanu, man nan ya girmi yarinyar nan, kai shi ya huta."

A mota da za mu koma, ta matso da bakinta kunnena.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da tuwo ya kama."

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

Ta kwance bakin zane, ta ɓallo mini alewa.

Shekara biyu muka yi haka. Ita ta shinshina, ta miƙo mini wai tana koya mini, ni in gyaɗa kai ko in girgiza, ita kuma ta yanke hukunci da tsawa. Talle har cewa yake, "Tsohuwar nan kullum hancinta ƙara kaifi yake!"

Bara ta rasu, ba wanda ya san hancinta ya daina jin ƙamshi sai ni. Yau na faɗa, Gwaggo, ki yafe mini. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa ki ji ƙamshin Aljanna da kanki. Amin.